Yadda na tara kalmomin Turanci don sashen karatu na IELTS bayan na sha ƙasa a karon farko

Ranar da sakamakona na farko na IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, ya fito ina ɗakin malamai. Na buɗe a waya, na daɗe ina kallon lamba ɗaya. Sauraro 7, magana 7, rubutu 6, karatu 5.5. Jimilla ta kai 6.5 ɗin da jami'ar da nake nema a Ingila take so, amma sharaɗinsu shi ne kada wani sashe ya gaza 6. Rabin maki ya zaunar da ni a gida shekara guda. Abin takaicin kuma, karatu shi ne sashen da na fi rainawa. Ni malamin aikin gona ne, shekara tara ina koyarwa da Turanci, ina bin rubutun ɗalibai da jan biro. Wa zai ce min ban iya karanta Turanci ba?

Ba wai ban shirya ba ne. Na shirya, sai dai aikin baban giwa na yi. Na sayi babban littafin rubutu, na cika shi da manyan kalmomi da na kwafo daga ƙamus da shafukan masu sharhi a jarida, irin su *obfuscate* da *juxtapose* da *perspicacious*. Haka muka taso: wanda ya fasa Turancin da ba mai ganewa a muhawarar makaranta, shi ake yi wa tafi. Wata biyu ina haddarsu bayan sallar asuba. Ranar jarrabawa ko guda ɗaya ban haɗu da ita ba. Waɗanda suka kayar da ni ƙanana ne, waɗanda da an tambaye ni zan rantse na san su.

Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na yi a wata huɗu kafin na sake zama. Mai shirin TOEFL, wata jarrabawar Turanci makamanciyar IELTS, shi ma zai iya bin hanyar, domin kalmomin ɗaya ne ko da tsarin tambayoyin ya bambanta.

Ka fara sanin abin da ake aunawa

Sashen karatu na IELTS na masu neman jami'a minti 60 ne, matani uku, tambaya 40. Matanonin gaba ɗaya suna kaiwa kalma 2,150 zuwa 2,750, ana ɗauko su daga littattafai da mujallu da jaridu, kuma irin rubutun da aka yi wa mai ilimi ne wanda ba gwanin fannin ba. Idan kalma ta fanni ce zalla, akan ba da ma'anarta a ƙasan matanin. Cin tambaya 23 yakan ba ka 6, cin 30 ya ba ka 7, ko da yake iyakar tana ɗan motsawa daga wannan jarrabawa zuwa waccan. Ka ga ke nan tsakanin 6 da 7 tambaya bakwai ce kacal.

To me suke aunawa? Suna so su ga ko za ka gane mutum idan ya sauya riga. Matani zai faɗi magana, tambaya ta maimaita ta da wasu kalmomin dabam. Ga misali irin wanda nake rubuta wa ɗalibaina a allo. Matani ya ce: *Yields declined sharply in the decade following the dam's construction.* Tambaya kuma ta ce: *Harvests fell dramatically in the ten years after the dam was built.* Ka lissafa da kanka. *Yields* ta koma *harvests*, *declined* ta koma *fell*, *sharply* ta koma *dramatically*, *decade* ta koma *ten years*, *following* ta koma *after*, *construction* ta koma *was built*. Sauyi shida a jimla ɗaya. *Dam* kaɗai ta tsira da rigarta. Wanda yake bin matani da yatsa yana neman *harvests* zai kai ƙarshe bai gan ta ba, ya dawo sama, ya sake sauka, minti uku sun tafi. Haka na yi ta yi a karon farko. Kuma idan ka ga tambaya ta kwafo kalmomin matani sak, ka yi hattara, sau da yawa kallon kitse ake so ka yi wa rogo.

Akwai dalilin da ya sa Turanci ya dace da wannan wasan. A shekarar 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, Latin kuma na coci da malamai. Sai kusan kowane abu ya samu suna biyu ko uku: na gida, na fada, na malamai. *Buy* da *purchase*, *begin* da *commence*, *ask* da *question* da *interrogate*. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Mu ma muna cewa ya mutu, ya rasu, ya yi wafati, kuma kowa ya san bakin da kowace take fitowa. Marubucin matani yakan ɗauki ta malamai, mai tsara tambaya ya ɗauki ta gida, ko su yi musaya. Aikinka shi ne ka san su a haɗe, ba ɗaiɗai ba.

Kalma nawa, kuma waɗanne

Masu binciken koyon harshe, musamman Paul Nation na ƙasar New Zealand, sun nuna cewa mutum yana bukatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin matani kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, kuma hakan yana neman gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, wato kowace kalma tare da danginta masu tushe ɗaya. Kada adadin ya firgita ka, wanda ya yi digiri da Turanci ya riga ya ɗauko kaso mai tsoka. Amma ka yi wannan lissafin. Matani mai kalma 850, idan ka san kashi 95, akwai baƙi kusan 42 a ciki. Idan ka san kashi 98, baƙin sun koma 17. Da 17 za ka iya tafiya. Da 42 kowane layi sai ka yi tuntuɓe.

Gajeriyar hanyar cike wannan giɓin ita ce jerin da ake kira Academic Word List. Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ce ta fitar da shi a shekarar 2000, bayan ta tace rubuce-rubucen jami'a masu kalma kusan miliyan uku da rabi daga ɓangaren adabi da kasuwanci da shari'a da kimiyya. Ta cire kalmomi 2,000 na yau da kullum, ta zaɓo gidaje 570 da suke yawo a dukkan fannonin. Waɗannan kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi. An kasa su rukuni goma, kowane 60, na ƙarshe 30, kuma rukunin farko shi ne mafi yawan fitowa. Kyauta ne a intanet. Na kai shagon masu fotokwafi aka buga min.

Kada ka fara hadda daga sama. Ka fara tankaɗe. Na zauna da fensir yammacin wata Asabar, kowace kalma na ba ta ɗaya daga alamomi uku. Wadda zan iya sa ta a jimla nan take ba tare da tunani ba, na yi mata maki. Wadda ban taɓa gani ba, kuros. Wadda kuma na san fuskarta amma da ɗalibi zai tsare ni ya ce "Malam, me take nufi?" sai na fara kame-kame, na zagaye ta. Masu kuros ba su kai 70 ba. Masu zagaye sun doshi 200, kuma su ne suka ci ni. *Constitute*, *derive*, *assume*, duk a rukunin farko suke, duk na sha rubuta su, amma da na matsa wa kaina sai na ga rabin ma'anarsu na sani. Baƙuwar kalma ba ta da haɗari sosai, ka san ba ka san ta ba, za ka yi taka-tsantsan. Wadda kuke gaisawa a hanya amma ba ka san gidansu ba, ita ke sa ka zaɓi amsar banza hankalinka kwance.

Ga irinsu. *Yield* a wurina amfanin gona ce, ban taɓa lura tana nufin miƙa wuya ba. *Address* ba adireshi kaɗai ba ce, tana nufin tunkarar matsala. *Novel* idan ta zo gaban suna, sabo take nufi, ba littafin labari ba. *Plant* tana iya zama masana'anta. *Subject to* ba ruwanta da darasi. Sannan ga waɗanda Turancin Najeriya ya sauya musu ma'ana: mu muna cewa *severally* muna nufin sau da yawa, alhali a Turancin da jarrabawar take bi tana nufin kowa da nasa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce "gida" tun ɗazu, ga abin da nake nufi. Yadda muke da karanta, karatu, makaranta, makaranci, karantarwa, haka Turanci yake da *vary*, *variable*, *variation*, *variant*, *invariably*. Wanda ya yi Islamiyya ya san wannan tun daga *kataba* da *kitab* da *katib* da *maktab*. Ka koyi kalma da 'yan gidansu, saboda mai tsara tambaya yana son ɗaukar aikatau a matani ya mayar da shi suna a tambaya, kamar yadda *construction* ta zama *was built* a sama. Sai dai ka duba kowane ɗan gida da kyau, wani ya fita zakka. *Invariably* tana nufin kullum, ba fashi. *Considerable* mai yawa ne, *considerate* mai lura da halin wasu. *Economic* abin da ya shafi tattalin arziki, *economical* mai tsimi.

Kati da gwangwani uku

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Na sayi farin kwali a shagon kayan rubutu, na yanka shi ƙanana kamar katin shaida, na ɗaure su da robar ɗaure kuɗi. A fuskar kati ba na rubuta kalma tsirararta. Jimlar da na same ta a ciki nake rubutawa, in ja layi a ƙarƙashinta. Misali: *The rise in imports accounts for most of the deficit*, da layi a ƙarƙashin *accounts for*. A bayan katin abu huɗu ne. Ma'ana da sauƙaƙan Turanci: *explains*, *is the cause of*. Ɗan tsokaci da Hausa don ta zauna: shi ne sanadi. Ma'ana ta biyu idan akwai, a nan ita ce ɗaukar wani kaso, kamar a ce *women account for half of the workforce*. Sai kuma abokan tafiyarta. Wannan na ƙarshen mutane suna tsallake shi, alhali kalmomi ba sa tafiya su kaɗai. *Pose* kusan kullum tana jan *a threat* ko *a risk* ko *a question*. *Undergo* tana jan *change* ko *surgery*. *Draw* tana jan *a conclusion*. Idan ka san su a haɗe, idonka zai riƙa ɗaukar kalma uku a loma ɗaya, kuma a nan saurin karatu yake fitowa.

Sannan na roƙi uwargida gwangwanin madara uku da suka ƙare, na rubuta musu 1, 2, 3. Sabon kati yana shiga na farko, wanda nake dubawa kullum. Idan na faɗi ma'anarsa daidai kafin in juya, ya haura na biyu, wanda nake buɗewa Litinin da Alhamis. Idan ya sake tsallakewa, ya tafi na uku, na ranar Asabar kawai. Duk katin da na kasa, ko a na uku yake, ya dawo na farko, ba roƙo. Wannan tsarin wani ɗan jaridar Jamus mai suna Sebastian Leitner ne ya yaɗa shi a 1972, kuma tun 1885 wani Bajamushen, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko, sannan ta lafa. Da na karanta wannan sai na yi dariya, don alarammanmu bai taɓa jin sunansu ba amma haka ya yi da mu. Ba a ƙara maka karatu sai ka biya na jiya da ka, ba a wanke allo sai ya zauna, kuma na baya ana ta tilawarsa. Kuskuren da na yi da babban littafina shi ne kullum sabon shafi, ba waiwaye. Ruwa na riƙa zubawa a kwando.

Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ka faɗi amsar da bakinka kafin ka juya katin. Idan ka juya ka gani sannan ka ce "ai dama na sani", kanka ka yaudara. Wahalar da ƙwaƙwalwa take sha wajen laluben ita ce take kafa kalmar.

Kati goma sababbi a rana sun isa, kwana shida a mako. Na gwada ashirin da biyar a makon farko saboda zumuɗi, kafin mako na biyu gwangwanin farko ya cika ya tumbatsa, na fara jin tsoron buɗe shi. Minti ashirin bayan asuba, sannan in zuba na ranar a aljihu, in duba a cikin adaidaita ko a layin banki.

Akwai manhajar Anki da take yin wannan lissafin da kanta, kuma ta fi gwangwani iya tsara ranakun. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone kuwa sai an saya. Idan ita ta fi maka, bismillah. Ni na zauna a kan kwali saboda ba ya neman caji ranar da aka ɗauke wuta, kuma ba a turo saƙon WhatsApp a cikinsa. Abin da kawai zan hana ka shi ne sauko da tarin kati dubu biyar da wani ya haɗa. Rabin koyon a wurin rubuta katin yake.

Inda kalmomin suke fitowa

Jerin Coxhead tsani ne, ba shi ne ɗakin ba. Bayan makonni shida na farko yawancin katunana daga karatu suka riƙa fitowa. Kullum maƙala ɗaya. Na fi amfani da shafin The Conversation, inda malaman jami'a suke rubuta wa gama-gari, kyauta ne kuma yana da sashen Afirka, sai shafukan kimiyya na BBC. Karatu biyu nake yi. Na farko da agogo, ba ƙamus, in ga ko zan iya faɗin abin da kowane sakin layi yake cewa a jimla ɗaya. Na biyu da fensir. Ba na ɗaukar fiye da kalma takwas daga maƙala ɗaya, kuma aikatau da sifa nake fifitawa, waɗanda suke riƙe da hujjar marubuci. Sunan wani ƙwaro ko wani sinadari na bar shi inda na gan shi.

Ka karanta abin da ba fanninka ba, da gangan. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, tana shirin rajista a Birtaniya, inda hukumar ma'aikatan jinya take neman 7 a karatu. Da na faɗa mata haka sai ta ce, "Yaya, ni fa kalmomin asibiti duk na san su, me zan yi da labarin tururuwa?" Na ce mata, "Ai ba asibiti za su tambaye ki ba. Matani ɗaya zai iya zama kan tururuwar, na biyu kan tarihin taswira, na uku kan yadda yara suke koyon magana. Injiniya da lauya da ke, takarda ɗaya za a miƙa muku." Ta yi tsaki ta ɗauki maƙalar.

Amma ma'adinin da ya fi kowane shi ne jarrabawar gwaji da ka riga ka yi. Littattafan gwaji na Cambridge su ne suka fi kusa da ainihin abin, tun da Cambridge tana cikin masu jarrabawar tare da British Council da IDP. Mutane suna yin gwaji, su duba amsa, su ce "27, ba laifi", su wuce na gaba. Asara ce. Ni awa ɗaya nake gwajin, awa biyu ina fiɗarsa. Na ware littafi na raba kowane shafi gida biyu: hagu abin da tambaya ta ce, dama abin da matani ya ce. Kowace tambaya, har waɗanda na ci, sai na nemo wurin da amsar take na rubuta musayar da aka yi. *Drawback* da *disadvantage*. *Cope with* da *deal with*. *Initially* da *at first*. *Not enough* da *insufficient* da *a shortage of*. Kafin in gama gwaji na takwas na fara ganin musaya iri ɗaya tana dawowa, har ina iya hasashen rigar da za a sa wa kalma tun kafin in duba matanin.

Ƙananan da ake rainawa

Tambayoyin *True*, *False*, *Not Given* su ne suka fi cin mutanenmu, kuma kusan duk a kan ƙananan kalmomi suke rataye. Matani ya ce: *Lack of sleep may contribute to poor memory in some adolescents.* Tambaya ta ce: *Lack of sleep is the main cause of poor memory in adolescents.* Na farko cewa ya yi wataƙila matsalar rashin barci tana da hannu a mantuwa, a wasu yaran. Na biyu ya ce ita ce babbar sanadi. Matanin bai ce ita ce babba ba, bai kuma ce ba ita ba ce, don haka amsar *Not Given*. A karon farko da gudu zan rubuta *True*, saboda na ga barci, na ga mantuwa, kuma a raina na yarda da maganar. Yardarka ba ta cikin lissafi.

Don haka na yi wa waɗannan katuna na musamman, a jere kamar matakala. Na yawa: *all*, *most*, *many*, *some*, *a few*, *few*, *hardly any*, *none*. Ka lura da *few* da *a few*, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma na farko yana cewa kusan babu, na biyu yana cewa akwai 'yan kaɗan. *Hardly* ba ta da alaƙa da ƙoƙari, kusan a'a take nufi, haka *scarcely* da *seldom*. Na tabbaci: *will*, *is likely to*, *tends to*, *may*, *is unlikely to*. Na alaƙa: *causes* dabam, *is associated with* dabam, ta biyun tana cewa ana ganinsu tare ne kawai. Sai na ra'ayin marubuci, waɗanda suke da amfani a tambayoyin *Yes*, *No*, *Not Given*: idan ya ce wani *claims*, yana ɗan ja da baya daga maganar, *concedes* ya amince ne ba da son ransa ba, *dismisses* ya yi watsi da ita, *so-called* kuwa sau da yawa gatse ne. Ka haɗa da masu juya akalar jimla, *whereas*, *albeit*, *nonetheless*, *notwithstanding*. Ukun ƙarshen nan suna rukuni na goma a jerin Coxhead, inda mai bi daga sama ba ya kaiwa sai ya gaji. Ka ɗauko su tun makon farko.

Saiwoyin Latin da Girkanci suna taimakawa wajen hasashe, kamar *spect* da ke nufin kallo a *inspect* da *perspective* da *retrospect*, haka ma *mis* da *over* da *under* na asalin Turanci a farkon kalma. Ban ba su fiye da mako ɗaya ba, kuma ban amince musu ɗari bisa ɗari ba: *invaluable* mai matuƙar daraja ne, *inflammable* kuma mai saurin kama wuta.

Batun ƙamus a taƙaice. Ka yi amfani da wanda aka yi don masu koyo, na Oxford ko Cambridge ko Longman, duk suna intanet kyauta. Na Longman yana bayyana kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000, ga misalai. Ƙamus na Turanci da Hausa yana da amfani wajen kafa ma'ana a zuciya, amma kada ka ɗaure kalma da fassara ɗaya. Idan ka haddace *significant* a matsayin "muhimmi" kawai, ranar da ka ga *a significant increase* ba za ka haɗa ta da *rose considerably* ba.

Haruffa ma suna da maki. A tambayoyin cike gurbi, kalmar tana cikin matani, kwafowa za ka yi, kuma kuskuren harafi ɗaya ko barin *s* na jam'i yana kashe amsar. Idan an ce kada a wuce kalma biyu, uku faɗuwa ce ko da ma'anar daidai take. Mu Hausawa mu ƙara lura da *p* da *f*. Ni da kaina na taɓa rubuta *pertilizer* a allo, wata ɗaliba ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Malam, a duba na farkon." Kuma babu ƙarin lokacin kwafe amsa a sashen karatu, duk a cikin minti 60 ɗin ne.

Mako biyu kafin ranar na daina sabon kati kwata-kwata. Gwangwanaye kawai da littafin musaya, da gwaji ɗaya duk bayan kwana biyu, a daidai lokacin da za a yi na gaske. Ranar jarrabawar a Abuja, a matani na uku na ci karo da kalma biyu da ban taɓa gani ba a sakin layi ɗaya. Ɗaya an bayyana ta nan take bayan waƙafi, da *that is*, irin alamar da na koyi nema tare da *known as* da *such as* da *or*. Ɗayar na duba na ga sifa ce, kuma jimlar tana tsaye ko babu ita, na tsallake. Ba a yi tambaya a kanta ba. Na gama da saura minti huɗu, na koma na gyara wata amsa da na bar wa *s*. Sakamako ya fito 7.5 a karatu.

Gwangwanayen suna wurin ƙanwata yanzu. Ta zubar da katunana na aikin gona ta yanka nata, amma ta bar guda ɗaya da ta samu a ƙasan na farko, wanda gefensa ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Ta kira ni a waya ta ce, "Yaya, wannan *ostensibly* ɗin fa, wata huɗu ba ta bar gwangwanin farko ba?" Na ce ta karanto min jimlar tukuna.